Sunan da Na Tsallake

Hayin Banki, Kaduna
30 ga Yuni, 1957

Zuwa ga maigidana, Malam,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka. Yaya Zariya, yaya kwas, yaya ruwan bana? Mu nan kalau muke, sai kewarka. Baba da Inna suna sa wa ɗansu albarka. 'Yarka Lami ta sami sabuwar sana'a, ta ɗauki ludayi ta kafa a baki tana yi wa kaji sanarwa, wai ita ce ni.

Albishirinka. Ba sai ka ce goro ba, na san ɗalibi ba shi da ko ɓari. An ba ni sanarwar ƙarfe biyar a gidan rediyo. Litinin da Alhamis nawa ne, sauran ranakun na Malam Audu. Wata goma sha huɗu ina shirin mata, ina gaya wa matan Arewa su tafasa ruwa su rufe abinci saboda ƙuda, har na fara jin nauyin ƙudan. Sau huɗu ina shiga wurin Malam Rabe, shugaban sashenmu na Hausa, ina roƙon a gwada ni a sanarwa, sau huɗu yana cewa a bari a gani.

Malam Audu ne ya tare ƙofar. Shi ke karanta sanarwa tun da aka buɗe gidan, kuma ra'ayinsa shi ne muryar mace ba ta ɗaukar maganar gwamnati. Ya ce in mace ta faɗi cewa ruwa ya cinye gada, direbobi za su ɗauka hira ce su ci gaba da tafiya. Sai Allah ya aiko masa da mura wadda ta tafi da muryar ɗungum. Malam Rabe ya duba gabas ya duba yamma, bai ga kowa ba sai ni. Kwana uku na karanta a jere, har da gada guda da ruwa ya cinye a hanyar Birnin Gwari, kuma har yau ban ji direban da ya faɗa rafi ba.

Wadda ta fi ni murna Rebecca ce, 'yar Kagoron nan mai buga mana tafireta. Mu biyu ne kaɗai mata a ginin. Har yanzu ba a yi mana bayi ba, sai mun tsallaka gidan maigadi mun yi wa matarsa sallama. Rebecca ta ce tunda an ba mace sanarwa, wataƙila kafin jikokinmu su kama aiki a haƙa mana rami.

Saura maganar gida. Ka san sharaɗin Baba tun farko shi ne shirin mata kawai. Ranar da ya fara jin muryata da ƙarfe biyar yana zaure da abokan hirarsa, akwatin rediyo yana bango a kansu. Da na dawo na durƙusa gaisuwa, ya amsa a taƙaice, sannan ya sa Inna ta tambaye ni ko da saninka. Na ce da saninka ne. To, ga shi yanzu ka sani. Kada ka ƙaryata ni, domin kai ne ka yanko tallar aikin nan daga jarida, kai ka cike takardar da alƙalaminka, ka ce murya irin tawa ba ta tsakar gida kaɗai ba ce. Ina riƙe da maganar ko kai ka manta.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ka gaishe da masu tsokanarka cewa matarka ce ke gaya wa Arewa ƙarfe nawa, ka ce musu ba a taɓa samun agogon ya yi latti ba.

Ni ce matarka,
Sa'adiya


Hayin Banki, Kaduna
20 ga Yuli, 1957

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, barka da Sallah ko da ta wuce, tunda karatu bai bar ka ka zo ba. Ina fatan soyayyen naman da Inna ta aika ya isa. Kowa lafiya a gida.

Wannan karon babu albishir. Na yi ɓarna, kuma gara ka ji ta daga hannuna kafin ta iso maka da ƙari.

Ka ji labarin zafin da alhazai suka sha bana. An ce cikin mutanen Kaduna da suka tafi ta jirgin sama uku sun rasu, ba a faɗi ko su wane ne ba. Mako guda gidaje suna zaman zulumi. Ranar Litinin tangarahu ya iso daga wakilin alhazai da sunayen waɗanda suke lafiya, mutum arba'in da ɗaya. Ba a faɗin sunan mamaci a rediyo kafin a kai wa iyalinsa saƙo, amma kowa ya san wanda bai ji sunan nasa ba sai ya fara haƙuri. Rebecca ta buga sunayen a gurguje, aka miƙo mini saura minti biyar, ban sami dubawa ba na shiga ɗakin magana.

Ina cikin karatu lafiya lau, sai na iso kan wani kafinta na Rafin Guza. Sunansa sunan Baba ne sak.

Malam, shekara biyar ina gidanku, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko yaron maƙwabta da aka sa wa shi, Mai-sunan-Baba nake kiransa. Ina ganinsa a takardar sai na ga zaurenmu, Baba a kan buzunsa, abokansa sun kasa kunne. Harshena ya ƙi. Wallahi ban yanke shawara ba, idona ne ya sauka layi na gaba bakina ya bi shi. Na ce a raina in na kai ƙarshe zan dawo in san dabarar da zan yi. Ina kaiwa ƙarshe jar fitila ta mutu, aka sa kiɗa. Na fito ina lallashin kaina cewa ai wakilin alhazai zai sanar da su.

Ranar Laraba ina kai wa Baba abinci na ji yana gaya wa Inna daga inda ya dawo. Ta'aziyya ya je Rafin Guza, sadakar ukun takwaransa kafinta, mutumin kirki, ya bar mata da 'ya'ya uku. Ka san abin da na yi? Na ajiye kwanon na koma ɗaki ban ce uffan ba. Ba zan ɓoye maka wannan ba, don ya fi tsallake sunan muni.

Da safe na isa ofis na tarar magana ta riga ni. Wan kafintan ya je ofishin wakilin alhazai tambayar inda aka binne ƙaninsa, aka nuna masa sunan a tangarahu cikin masu rai. Ya taho gidan rediyo yana huci. Aka nemi takardar da na karanta, ashe masinja mai ƙosan bakin titi yake ba duk wadda aka gama da ita. Ba takarda, ba shaida, sai Malam Rabe ya yanke cewa mai bugawa ce ta zubar da layi. Aka ce Rebecca ta haɗa kayanta ƙarshen wata.

Na same ta tana rufe tafiretarta da ƙyalle. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni, na gane ta sani, domin ita ba ta miƙa takarda sai ta ƙirga layi. Amma ba ta tona ni ba, ta bar ni da kaina. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga ofishin Malam Rabe na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Na zaci Malam Audu zai yi mini dariya, sai ya yi abin da ya fi dariya ciwo. Ya sa mini albarka, ya ce ni 'yar mutunci ce, 'yar gidan tarbiyya, kuma abin da yake faɗa ke nan tun farko: aikin ba na mata ba ne. Aka mayar da Rebecca kujerarta. Malam Audu ne ya karanta gyaran da yamma, ni kuma aka ɗauke ni daga sanarwa sai an yi shawara.

Jiya Juma'a na taka da ƙafa zuwa Rafin Guza. Matar kafintan sunanta Halima, ba za ta girme ni ba. Tukwanen da aka aro don sadaka suna kife a tsakar gida ba a mayar ba. Kwana huɗu ta yi cikin takaba, an tsefe mata kai, an gaya wa 'ya'yanta su marayu ne. Na durƙusa na gaya mata ni ce, na gaya mata dalili. Ta dube ni ta ce, “Wato ke surukinki kika ji wa kunya, ni kuma aka tsefe mini kai.” Na fara ba ta haƙuri ta ɗaga mini hannu. Ta ce, “Riƙe haƙurinki. Ke kika binne shi, ke za ki tono shi. Ranar da jirginsu zai sauka, da bakinki nake so in ji sunansa.”

Na yi mata alkawari, Malam. Ban san yadda zan cika shi ba, amma na yi.

Ka sa ni a addu'a. A gaishe da kowa.

Matarka,
Sa'adiya


Hayin Banki, Kaduna
25 ga Yuli, 1957

Zuwa ga Malam,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiya da gajiyar karatu. Takardarka ta iso jiya, na karanta ta sau uku ko zan ga wani abu a bayan layukan. Ban gani ba. Ka ce in ajiye aikin har ka dawo, a zauna lafiya, Baba ya tsufa kada a tayar masa da hankali. Rubutun naka ne, amma na san muryar da ke ciki.

Bari in ba ka labarin da Baba bai rubuto maka ba. Da maganar ta iso masa ya aika aka kira ni. Na tafi ina jiran faɗa, sai ya ba ni goro. Ya ce ya ji daɗi ƙwarai, ashe rediyo bai cinye mini tarbiyya ba, ya tabbata ɗansa ya auri 'yar mutane. Laifin na waɗanda suka ɗora mini kayan maza ne, don haka daga yanzu in zauna gida da mutuncina. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Mutum ya mutu kwana huɗu a bakina, ana ba ni goro. Maganarsa da ta Malam Audu ba cinya ba ƙafar baya.

Kada ka ɗauka na raina Baba. Zan durƙusa masa har ƙarshen raina, kuma a tsakar gida sunansa ba zai fito daga bakina ba. Amma sunan nan ba nasa ne shi kaɗai ba. Kafintan ma an yanka masa rago da shi, da shi uwarsa ta san shi, da shi matarsa take jiran labarinsa. Kunyar da za ta sa wata mace takaba mijinta da rai, ni dai na gama da ita a ɗakin magana.

Kuma ka duba abin da zai biyo baya in na tafi yanzu. Shekara ashirin za a yi ana ba da labarin: ai an taɓa gwada mace, ta tsallake suna ta kashe mutum. Duk yarinyar da ta zo neman aikin nan da shi za a sallame ta. Akwai takardu biyu a aljihun teburina daga 'yan makarantar mata, suna tambayar yadda ake shiga aikin rediyo. Me zan rubuta musu, in ce su fara neman miji marar uba?

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na shiga makaranta. Kullum lokacin hutun rana ni da Rebecca muna zama ƙarƙashin mangwaron bayan ofis, ta riƙe takarda ta ce in faɗa. Za ka yi dariya, amma ranar farko iska ce kawai ta fito, gumi ya jiƙa mini riga, ina waige-waige kamar mai satar kaza. Rebecca ta ce ita ma a garinsu ba ta kiran sunan uban mijinta, amma ta buga shi a ofis ya fi sau ɗari, domin tafireta ba ta da suruki. Ta ce in ɗauka makirufo ma maraya ne. Rana ta uku sunan ya fito da ƙarfi har maigadi ya leƙo yana tambaya ko wani ake nema.

Jiya na koma wurin Malam Rabe karo na biyar. Na gaya masa ba tausayi na zo nema ba, gwaji nake so. Ya rufe ƙofa, ya kira Malam Audu, ya miƙo mini tangarahun da kansa. Na karanta arba'in da ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba, ban yi tari ba. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce jerin masu saukowa a jirgin farko yana zuwa ranar Litinin, kuma Litinin tawa ce. In na yi tuntuɓe kada ma in jira a sallame ni. Na ce na yarda.

Ka ce jarrabawa ce ta hana ka zuwa ka yi wa Baba magana baki da baki. Malam, Zariya ba Makka ba ce, jirgin ƙasa yana tasowa kullum. Ina sonka, shi ya sa nake gaya maka na ga inda ka ɓuya.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Taka,
Sa'adiya


Kurmin Mashi, Kaduna
31 ga Yuli, 1957

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya. Ka ga adireshi ya canja, ina gidan Gwaggona Ramatu. Lafiyata ƙalau, kada ka damu da wannan.

Ban yi wa Baba kwanton ɓauna ba. Ranar Lahadi da hantsi na durƙusa a bakin zaure na gaya masa abin da zan karanta gobe, da wanda ke cikin jerin, da alkawarin da na yi wa Halima. Na roƙe shi ya yafe mini tun kafin in yi. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya ce, “In kin faɗa, kada motar ofis ta dawo da ke ƙofar nan.” Na ce na ji. Ya ce Lami kuwa 'yar gidan ce, tana nan.

Na koma ciki. Inna tana tsince shinkafa, ta ji komai. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba, sai ta kama ba ni wani tsohon labari tana dariya. Wai shekarun baya, kana goye, Baba ya faɗi a wurin aiki aka kai shi asibiti. Ta ruga can, akawun ƙofa ya ce ta faɗi sunan majinyacin. Ta ce maigidanta ne. Ya ce maza sittin ne kwance, wanne? Ta tsaya a rana tun azahar har la'asar, ba ta san ko yana da rai ba, sai da wani maƙwabci ya zo wucewa ya faɗa wa akawun sunan mijinta. Tana gama labarin dariyar ta tsaya. Ta ce in miƙo mata faifai.

Ranar Litinin na yi wa Lami wanka, na yi mata kitso biyu, na ce ta yi wa Inna biyayya. Na shiga mota ban waiga ba, don in na waiga ba zan tafi ba.

Ƙarfe biyar jar fitila ta kama. Malam Audu yana tsaye bayan gilashi ya harɗe hannu, Rebecca ta bar tafiretarta ta zo ta tsaya kusa da shi, abin da ba a yarda ta yi ba. Kafintan shi ne na tara a jerin. Tun ina na shida nake jin tahowarsa. Na ga zauren kamar wancan karon, da buzun, da abokan hirar. Amma wannan karon na ga tukwanen nan kife a tsakar gidan Halima. Na ja numfashi na ce: Alhaji Abdurrahim Kafinta, Rafin Guza, ya sauka lafiya.

Ga shi na rubuta ma. Rufi bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba, na wuce na goma. Da na fito Malam Audu ya ce na ɗan yi sauri a ƙarshe. Daga bakinsa wannan kyautar doki ce.

Direba ya tambaye ni ko gida, na ce Kurmin Mashi. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun safe, ba na nadama ba, na kitson nan biyu. Gwaggo Ramatu ta buɗe mini ɗaki ba ta tambaye ni komai ba sai da na ci abinci. Da ta ji labarin ta ce taurin kan uwata na ɗauko, sannan ta fita ta gaya wa maƙwabta duka cewa mai maganar ƙarfe biyar a gidanta take.

An ce Baba ya sa an cire akwatin daga bangon zaure. Inna ta aiko mini da kayan sawa cikin zane, da saƙon cewa Lami tana cin abinci.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sani, ban kuwa ce kowa ya riƙe mini lema ba. Amma ina son jin ta bakinka, kai kanka, ba Baba da rubutunka ba.

Ni ce,
Sa'adiya


Kurmin Mashi, Kaduna
26 ga Agusta, 1957

Zuwa ga maigidana, Malam,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki bayan jarrabawa? Ina fatan ka rama barcin da ta ci maka. Gwaggo tana gaishe ka, ko da yake ta ce in rubuta cewa gaisuwar ba ta da yawa.

Alhaji kafinta ya zo ofis da kansa, da dabino cikin hula, wai yana son ganin matar da ta kashe shi. Ya ce shi kaɗai ne a Kaduna ya san waɗanda suka zo ta'aziyyarsa da waɗanda ba su zo ba, kuma akwai mutum biyu da ya daina gaisarwa. Halima ba ta aiko da gaisuwa ba, ta dai ce a gaya mini ta ji. Ya ishe ni.

Inna takan kawo mini Lami ranar Juma'a, da sunan za su gidan kitso. Sa'a biyu nake samu. Juma'ar da ta wuce Lami ta tambaye ni ko laifi ta yi na tafi. Mako huɗu ke nan, Malam, kuma babu ranar da abin yake raguwa.

Takardarka ta zo. Ka ba ni zuwa ƙarshen watan nan in ajiye aiki in je in ba Baba haƙuri, in ba haka ba za ka yi abin da ba ka so. Haƙuri na ba shi tun kafin in yi, zan kuma sake ba shi duk ranar da ya yarda in durƙusa a gabansa. Aiki kuwa ba zan ajiye ba. Ba don ya fi ka ba, ba don ya fi 'yata ba. Don in na ajiye shi yau, na yarda ke nan cewa abin da na yi wa Halima shi ne daidai, abin da na yi don gyarawa shi ne laifi. Wannan ba zan sa masa hannu ba ko da alƙalaminka ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki takarda. Bai kamata in gaya maka ba kafin ranar, amma an riga an san ni da karya doka. Yau da safe aka kawo jerin waɗanda suka ci kwas ɗinku, za a karanta ranar Alhamis. Rebecca tana cikin bugawa ta tsaya ta kira ni da ido. Kai ne na huɗu. Na fita bayan ofis na yi hamdala, na yi murna irin wadda ban yi ba tun haihuwar Lami, don na san daren da ka raba a kan littattafan nan, na san abin da ka ci da abin da ka hana kanka.

An rubuta ka cikakke, sunanka da na Baba a jere. Malam Audu ya gani, ya same ni a hankali ya ce zai karɓe ni ranar, ba wanda zai ga laifina, miji ba kafinta ba ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi masa godiya, na ce Alhamis tawa ce.

Shekara biyar ina aurenka ban taɓa kiran sunanka ba, ko a ɗaki, ko a takarda. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ranar Alhamis ƙarfe biyar ka tsaya kusa da akwatin ɗakin hutunku, abokanka su tsaya tare da kai. Zan faɗe shi a hankali, yadda daga Sakkwato har Yola ba wanda zai ce bai ji ba, kuma duk mai kunne zai gane cewa mai faɗar tana alfahari da mai sunan.

Bayan nan shawara ta rage gare ka. In takardar da Baba yake so ce za ka rubuto, ka aiko ta ofis, can za ta same ni. In kuwa kai ne za ka zo, kada ka zo mini hannu rabbana. Ka biya Hayin Banki tukuna ka ɗauko mini 'yata.

Allah ya sa albarka a abin da ka samu, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka, har ranar da ka ce ba haka ba,
Sa'adiya